Doguwar Mota da Rafin Kurudu

Kun taso kuna jin labarin doguwar motar nan daga bakin Anti Rabi, kuma ban musa ba, yadda take ba da shi ya fi nawa daɗin ji. A nata labarin, mahaifiyarku tana kwance da tsohon ciki a wani gida can bayan gari, ni kuwa ina garejin Apo, kwance ƙarƙashin mota ina shafa mata ciki kamar ita ce za ta haihu. Kuna dariya, ni ma nakan taya ku. To amma yanzu da na ajiye aiki, gwiwa kuma ta fara hana ni yawo, na ga ya kamata in rubuta abin kamar yadda na san shi, gwargwadon abin da ban manta ba. Ba zan ce na yi daidai ba, ba kuma zan ce na yi kuskure ba. Ku karanta ku auna da kanku, musamman ke Bilkisu, tunda ke ce cikin.

A shekarun nan da aka dawo mulkin farar hula, Abuja ta cika ta batse. Ko'ina gini, ko'ina sabuwar mota, kowa da wayar salula yana magana da ƙarfi don a san yana da ita. Haya a cikin gari ta fi ƙarfin ma'aikaci irina, mai digiri ɗaya da tebur ɗaya a ma'aikatar tarayya. Shi ya sa na sayi fili bayan Kurudu a hannun wani dattijo ɗan Gbagyi, na gina ɗaki biyu da falo, muka tare ni da Habiba, mahaifiyarku. Da rani na ga filin, da rani na saya, da rani muka tare. Tsakanin gidan da kwalta akwai wani kwari mai yashi, awaki na kwance a cikinsa. Na tambayi dattijon ko ruwa yana bi ta nan, ya ce yana bi, kaɗan-kaɗan. Ba ƙarya ya yi ba. Shi da ƙafa yake ƙetarewa, doyarsa a kafaɗa, in ruwa ya yi yawa ya koma gida ya jira. Kaɗan ɗinsa da nawa ne ba ɗaya ba.

Daminar farko ta nuna mana. In aka tafka ruwa a duwatsun da ke sama da mu, kwarin nan sai ya zama rafi ja wur mai ruri, ya daɗe kafin ya sauka. Gangaren ɓangarenmu mai sauƙi ne, amma na ɓangaren kwalta tudu ne na laka mai santsi. Ƙaramar motata ta lokacin ko gwada shiga ba ta yi. A bakin shagon wani mai walda nake barinta, in naɗe wando in rataya takalma a wuya. A cikin wannan damina Habiba ta yi ɓari na biyu. Jini ya zo mata da hantsi ana tsaka da ruwa. Muka tsaya a bakin rafin, ita tana zaune a kan kujerar roba da maƙwabciyarmu Mama Jummai ta ɗauko mata, ni ina riƙe da lema, muna kallon ruwa yana wucewa. Sai bayan la'asar wasu maza suka tallabe ta suka ƙetara da ita. Na tambayi likita ko jinkirin ne ya jawo. Ya ce ba zai iya cewa shi ne ba. Na ce to zai iya cewa ba shi ba ne? Ya dube ni, ya ce in yi haƙuri.

Da rani ya zagayo na sayar da ƙaramar motar na sayi jif. Tsohuwar tokumbo ce ruwan toka, a hannun wani ɗan kwangila mai fasa dutse, kuma shi ya riga ya ɗaga ta. An sa mata sifirin masu kauri irin na ɗaukar kaya, waɗanda suka ƙara mata tsayi, an ɗaura mata manyan tayoyi masu haƙora kamar na tarakta. Tsayin nan na gani na saya. Ranar da na kawo ta gida, Habiba ta zagaya ta, ta ɗaga kai ta dubi ƙofar.

"Malam, tsanin fa? Ko shi daban ake sayarwa?"

Sai da na kifa mata turmi ta taka sannan ta hau.

Ba a je ko'ina ba na gane halin motar, domin ita ce ta zuwa ofis kullum. Manyan tayoyin sun kashe mata ƙarfi. In na kamo tudun Kugbo da safe, giya ta uku ta gaza, in dawo ta biyu, warin kuloci ya cika mota, bas-bas na bayana suna ta oda, kwandastoci suna leƙowa suna tambaya ko ina da igiya su ja ni. Sifirin ɗin kuwa, tunda don duwatsu aka sa su, in babu kaya a baya ko tsakuwa na taka sai na ji ta a haƙorana. A kwana kuma takan karkata kamar za ta kwanta. Abin ya dame ni, amma na riƙa ce wa kaina ai don rafi na saye ta, ba don kwalta ba.

Sai ga cikinki, Bilkisu. Likita ya ce haihuwa za ta faɗo tsakiyar damina, kuma ya kafa sharaɗi: ban da doguwar tafiya, ban da girgiza. Wannan ya rufe maganar goyon ciki a Funtua wurin iyayen Habiba. Anti Rabi, yayarta, tana Kubwa, ta ce a kawo mata ƙanwarta. Habiba ta ƙi. A gidan Rabi ta yi ɓarin farko, a ɗakin yara, ta ce ba za ta sake kwanciya da ciki tana kallon rufin ɗakin nan ba. Na nemi haya a bakin titi, Karu da Jikwoyi, amma masu gidajen Abuja a lokacin ba sa jin maganar 'yan watanni. Ko ka biya na shekaru ko ka kama gabanka. Ban matsa wa Habiba a kan Kubwa ba. Wataƙila ya kamata in matsa. Na yi shekaru ina juya wannan, ban kai ƙarshensa ba.

Ruwan farko-farko, rafin bai kai gwiwa ba, na ce bari in gwada motar. Na ja ƙaramin sandan nan da ke gefen giya, wanda makanikai suke kira agzilari, shi ne yake sa tayoyi huɗu su ja tare. Na shiga lafiya. Amma a tudun laka tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa taɓo, na gaba kuwa ko motsi. 'Yan acaba ne suka turo ni suna dariya. Washegari na kai ta Apo wurin wani makanike, Bitrus.

Bitrus mutumin Filato ne, gajere mai faɗin kafaɗa, ga surutu, ga waƙar coci da ba ta barin bakinsa. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk ɗaya. Ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashi, sai na ji ya fashe da dariya.

"Oga! Sunkuyo ka gani. Motan ka ba shi da farfela na gaba."

"Kamar yaya ba ta da shi?"

"Babu. An cire. Ka sayi doki mai ƙafa huɗu, da biyu yake tafiya. Haka mutanen mu suna yi, wai don ya rage shan mai. No wahala, akwai shi a kasuwa, yau-yau zan sa maka."

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe da take kai juyin inji zuwa tayoyi. Jif tana da biyu, ta gaba da ta baya. Ya aika aka kawo, ya ɗaura, muka shiga mu gwada a filin bayan gareji. Ya ja agzilari muka tashi. Ba mu yi nisa ba motar ta fara gurnani tana tsalle-tsalle, tayoyi suna kartar ƙasa, kamar an ɗaura shanu biyu a garma ɗaya yana sauri ɗaya yana nawa. Waƙar ta mutu a bakin Bitrus. Ya kashe inji da sauri.

"Kai. Wannan ba maganar mai ba ne."

Muka ɗaga ta a jak, muka shafa alli a taya da farfela. Ni ina juya taya da hannu, shi yana kallon yadda farfela take zagayawa, muka yi a gaba muka yi a baya. Ba su zo ɗaya ba. Ashe aksil ɗin baya, wato kaskon da haƙoran da suke juya tayoyi suke ciki, ya taɓa karyewa can wurin fasa dutse, aka ɗauko na wata mota daban aka liƙa, haƙoransa ba irin na gaba ba. Da suka ga motar tana faɗa da kanta, sai suka zare farfelar gaba suka huta. Bitrus ya sosa ƙeya.

"Da mun ƙara tafiya kaɗan, da na fasa maka giyabos da hannu na. Allah ya so mu, Oga."

"To yanzu me ke nan?"

"Hanya biyu ne. Na ɗaya, mu sauke shi. A cire wannan sifirin na tifa a sa na kamfani mai laushi, sabon shokozoba mai shanye duka, ƙaramin taya, a nemo aksil na baya irin na gaba, yana nan birjik a Apo. Ba zai daɗe ba ka ɗauka. Madam zai shiga kamar ya hau gado. Amma zai zama gajere. Ruwa ya wuce gwiwa, ka manta."

"Ta biyun fa?"

"Ka bar shi da tsawo da babban taya. Mu buɗe gaba da baya, mu canja haƙori duka biyu, mu sa wanda ya dace da babban taya. Zai hau tudu kamar ƙadangare. Amma haƙorin babu a nan, sai Legas, in ma an samu. Kuma zai ci gaba da duka kamar jaki. A titi inji zai yi ta ihu, gudu zai ragu."

"Ba za a iya haɗa biyun ba? A bar tsayin, a sa mai laushi?"

"Oga, sifirin nan ne yake riƙe da tsawon. Ka zare ganye ɗaya daga sifirin, mota ya zauna, taya ya fara cin bodi. Akwai mai laushi mai tsawo, na taɓa gani a motan Turawa. Amma kafin ya zo daga waje, Madam ya yaye."

Na ce ya sake zare farfelar, zan je in yi tunani.

Kun san ni. Babu wanda ban tambaya ba. Wani injiniya a ofishinmu ya ce in sauke ta, doguwar mota kifewa take yi, ya ba ni labarin wata da ya gani a hanyar Zuba tayoyi a sama. Direban darakta ya ce in na sauke ta na ɓata mota. Na koma wurin likita na tambaye shi wace irin girgiza yake nufi, ta rami ko ta tsakuwa, ya ce shi ba makanike ba ne. Na yanko gora. Duk ranar da aka yi ruwa sai in je bakin rafi in tsoma ta, in dawo in jingina ta da ƙofar motar, in ga inda ruwan zai kai in an sauke, da inda zai kai in an bari. Wata rana gora ta ce a sauke, wata rana ta ce a bari. Ba na jin ɗanɗanon abinci. In ina salla sai in tsinci kaina ina lissafin tsayin taya, in yi sujadar rafkanuwa. Bitrus ya kira ni a waya ya ce na yanke? Na ce ina dai dubawa.

Wata Lahadi da rana na dawo daga bakin rafi da gorata, na tarar da Habiba zaune a tabarma a inuwar katanga tana tsince shinkafa. Ciki ya fito sosai, ƙafafunta sun fara kumburi.

"Malam, gorar nan ita ma da ita za a je asibiti?"

"Girgizar nan nake tsoro, Habiba. Likita ya ce..."

"Na ji abin da ya ce, ai ina wurin. Girgiza ina iya guje mata. In zauna a gida, ba zan shiga motarka ba sai ranar. Awo kuma in bari sai ranar da babu ruwa, in taka a hankali in ƙetare, in hau tasi a kwalta. Rafi ne ba na iya guje masa, tunda ba ni zan zaɓi ranar ba."

"In kuma ranar ta zo motar tana gareji a buɗe fa?"

"To kullum da ka ƙara kana aune-aune, ranar matsowa take yi."

Na jingina gorar da katanga. Ta ajiye farantin, ta dube ni.

"Ni dai ba zan sake zama a kan kujerar nan ba. Ka ji ni? Ko me za ka yi wa motar ka yi. Amma kujerar nan, ba zan sake zama a kanta ba."

Litinin da sassafe na kai motar Apo, na ce a bar tsayin, a buɗe gaba da baya.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi wuya da na yi a rayuwata, ko dai suna cikin mafi wuya. Gida babu mota sam. In hau acaba zuwa kwalta, in hau bas zuwa gari, in zauna a ofis kujerata tana fuskantar taga. Ko gajimare ɗaya ya taso ta gabas sai in ɗauki waya in kira gida. Wayar Habiba ba ta kamawa sai a tsakar gida kusa da tankin ruwa, saboda haka in na kira ba ta shiga ba, ban san ko lafiya ce ta sa tana ɗaki ko rashinta ba. Mama Jummai, Allah ya saka mata, ta rage zuwa gonar doyarta, ta riƙa wuni a gidanmu. Haƙoran farko da suka iso daga Legas, na baya suka zauna daram, na gaba suka ƙi shiga. Aka mayar, aka sake jira. Shi ya sa in na tashi daga aiki nake bi ta Apo, ba don na iya komai ba, sai don na lura in ina tsaye a kan Bitrus ba ya taɓa motar wani.

A irin wannan rana ce Anti Rabi ta same ni. Ta je Kurudu ta ga ƙanwarta, ta sa mijinta ya kawo ta gareji kai tsaye. Ina kwance a ƙarƙashi ina haska wa Bitrus tocila, yana shafa fenti a haƙora don ya ga yadda suke haɗuwa, sai na ga takalman mace.

"Isyaku, fito in ga fuskarka."

Na fito, baƙin mai har gemu.

"Yaya Rabi, sannu da zuwa. Ya yara?"

"Bar yara. Ka ajiye mini ƙanwa a daji, ba gada, ba mota, ita da tsohuwa ɗaya, kai kana nan kana wasa da ƙarafa."

"Dominta ne, Yaya."

"Dominta? To madalla. In wani abu ya same ta, sai ka zo ka gaya mini dominta ne."

Bitrus ya leƙo kai ya ce, "Hajiya, ya kusa gamawa." Ta ce ba da shi take ba. Na koma ƙarƙashin motar. Ni kaina ban gamsu da abin da na faɗa mata ba. Abin da ta gani ranar nan gaskiya ne. Abin da ta ba ku labari, ta gan shi da idonta.

Aka gama motar cikin Yuli. Ranar da na ɗauko ta, ta haye tudun Kugbo a giya ta uku ba tare da ta yi nishi ba, har na wuce wata bas, kwandastan ya bi ni da kallo. Amma Bitrus bai yi ƙarya ba. Da na sauka kan shimfiɗaɗɗen titi, injin ya kama ihu tun kafin in kai gudun da kowa yake yi, mai kuwa kamar ana zubarwa. Haka ta zauna har muka rabu da ita. Kun tuna tafiyar Funtua da salla, kowa yana wuce mu, ku kuna baya ba ku jin maganar juna? To daga nan ne. Kafin in bar garejin Bitrus ya riƙe ƙofa ya yi mini huɗuba: in rage wa tayoyi iska ranar da zan ɗauki Madam, za su sha wani abu daga dukan, in zan shiga ruwa in ja agzilari tun daga baki, in sa giya ta ɗaya.

"Kuma Oga, na san ka. Ka shiga, kar ka tsaya ka yi tunani a tsakiya. Kar ƙafan ka ya taɓa kuloci. Tunanin ka yi shi a waje."

Cikin Agusta na ɗauki hutu. Ranar da za a haife ki, ruwa ya fara tun asuba, irin mai sauka a tsaye ba iska. Da hantsi Habiba ta kama bango ta ce in kira Mama Jummai. Na kwantar da kujerun baya na shimfiɗa katifa, na zagaya tayoyi ina danna bakinsu da ashana iska tana fita. Ni da Mama Jummai muka ɗaga ta muka shigar. Daga gida zuwa rafi ba nisa, amma kowane rami sai na ji Habiba ta ja numfashi ta haƙora, ni kuma in ji kamar ni na doke ta.

A bakin rafin mutane sun taru ƙarƙashin mangwaro, 'yan acaba da mata masu kaya, wasu kuma suna tsaye a ƙetare. Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace. Na tsaya, na sauko da gorata, na shiga da ƙafa ina dogarawa, don in ji ko ƙasan ya zaizaye. Bai zaizaye ba, amma ruwan ya kai mini cinya, yana fizgar ƙafata. A jikin motar, zai taɓa ƙasan ƙofa ke nan. Da an sauke ta, da babu maganar shiga. Da yake ba a sauke ba, sai ga magana, kuma ni ne zan yanke ta. Mutane suka rabu biyu.

"Alhaji, ka jira! Yanzu zai sauka!"

"Wane jira? Wannan motar? Ai ko kogi za ta shiga!"

"In ta ɗauke ka fa? Bara ya tafi da saniya!"

Ina tsaye a bakin ruwa, wando a jiƙe, ina kallon sama ko ta fara washewa. Ba ta fara ba. Sai Mama Jummai ta sauke gilashi ta ƙwala mini kira.

"Malam! Faya ya fashe! Kai kana wanka?"

Na hau. Na waiwaya. Habiba tana kwance ta gefe, ta damƙe hannun Mama Jummai, idonta a rufe. Ba ta ce in shiga ba, ba ta ce in tsaya ba. Bismillah kawai na ji ta ce. Na ja agzilari, na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci, sannan na lanƙwashe ƙafar hagu na cusa ta ƙarƙashin kujera, domin ban yarda da ita ba.

Motar ta gangara a hankali, kamar tafiyar mutum. Ruwa ya bugi gefenta, ƙarar ta cika kunnena. A tsakiya na ji bayanta ya zame, ta fara karkata zuwa inda ruwa yake tafiya, sanyi ya taɓa dugadugina, ashe ya shigo ta ƙasan ƙofa. Duk jikina yana cewa in tsaya. Na riƙe sitiyari, na tsayar da ƙafar dama a inda take, ban ƙara ba ban rage ba, ina ta maimaita ya Hayyu ya Ƙayyum. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji a motar nan ba: gaba ta kama ƙasa ta ja. Hancinta ya ɗaga, tayoyin gaba suka ciji lakar tudun, ta fara hawa, ruwa yana zuba daga jikinta. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma zame ba. An ce mutane sun yi ta ihu da tafi. Ni ban ji komai ba.

Daga kwalta zuwa asibiti, Mama Jummai ta kusa haukata ni. In na taka rami ta ce a hankali, so nake in kashe su? In na rage ta ce in yi sauri, so nake a haihu a mota? A ƙofar asibiti wata nas ta turo keke, ta buɗe ƙofar baya, ta ɗaga kai.

"Wa ya ɗora mai naƙuda a kan bene?"

Kafin a kira la'asar aka haife ki. Kin zo da cibiya naɗe a wuya, ba ki yi kuka nan da nan ba. Ina tsaye a baranda ina jin shirun ɗakin. Ban san tsawonsa ba, kuma ba na so in sani. Sannan kika tsala ihu. Da ungozomar ta fito ta miƙo mini ke, na tambaye ta da mun jira ruwa ya sauka, me zai faru?

"Malam," ta ce, "karɓi 'yarka ka yi mata kiran salla, ka bar tambaya."

Anti Rabi ta iso da yamma. A wurin ajiye motoci ta wuce ta gefen jif ɗin, inda laka ta ja layi a jikin ƙofofi, ciyawa tana rataye a ƙarƙashi. Na ga ta tsaya ta duba. Ba ta ce komai ba, ranar ko bayanta. Ta shiga ta ɗauke ki, ta sanar cewa wankan jego a Kubwa za a yi, kuma a motar mijinta za a tafi. Habiba ta ce to. Ni ma na ce to.

Aka aike ni gida in ɗauko zannuwa da butar ruwan zafi. Rana ta fito ta yi ja, tana shirin faɗuwa. Da na iso bakin rafin, ruwan ya sauka, ko idon sawu bai rufe ba. Mata suna ƙetarewa da kaya, wani ɗan acaba ya ratsa da fasinja biyu ko ƙafa bai ɗaga ba. Na tsaya a saman tudun na daɗe ina kallo. Wani a bayana ya yi oda. Na ja agzilari, na sa giya ta ɗaya, na shiga a hankali.